Sikelin Mai Wake

Mai Wake ta tsaya a gaban teburin mai shagon kayan girki, jakarta a hammata, tana kallon sikeli iri-iri da aka jera mata kamar an kawo mata 'yan biyu an ce ta nuna babban. Matar da ta tsufa tana awon shinkafa da wake da gari a kasuwa, wadda in ta dubi buhu daga nesa za ta faɗa maka abin da ya rage a cikinsa, yau ita ce ta rasa ta inda za ta fara. Ita mudu ta sani. Mudu ba a kunna shi, ba a sa masa batir, kuma bai taɓa ƙyafta mata ido ba.

Ba son ranta ne ya kawo ta ba. Mijinta direban bas ne, kowa Direba yake ce masa, har surukansa. Ciwon suga ya kama shi, sannan wani ɗan ciwo da sabon takalmi ya ji masa a babban yatsan ƙafar dama ya ƙi warkewa. Ƙafar dama kuwa ita ce ta totur da birki, da ita ya ciyar da gidan tun kafin a haifi 'ya'yansu. Likita bai yi musu kwana-kwana ba. Ya ce in sugan bai sauka ba ciwon ba zai kame ba, in kuma bai kame ba sai an cire yatsan, ƙila ma abin ya wuce yatsa. Aka ba shi magani, aka ce ya ajiye tuƙi tukuna, a riƙa kawo shi ana wanke ciwon. Ita kuma nas ta zaunar da ita ta ce daga yau abincinsa da awo zai koma: shinkafa ko taliya ko dankali, bayan an dafa, giram ɗari da hamsin a zama ɗaya. Ganye kuwa ya ci har ya gaji.

"Ludayi nawa ke nan?" in ji Mai Wake.

"Mama, ludayinki daban, nawa daban. Ki nemi sikeli."

Shi ne ta nemo wannan shago. Mai shi wani dogo ne mai gilashi, Mai Tangaran ake ce masa, irin mutanen nan da in ka tambaye su cokali sai sun ba ka labarin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Da ya ji sikeli take nema sai ya gyara tsayuwa, ya goge tebur da hannun rigarsa.

"Me za ki auna, Mama? Gari? Nama? Zinariya?"

"Abincin maigidana."

"To ga su nan. Wannan mai allura ne, ba ya cin batir, amma sai kin duƙa kin dubi allurar ido da ido, in kika kalle ta ta gefe ƙarya za ta yi miki. Wannan na gilashi ne, lamba yake rubutawa, ko ƙwayar wake kika ɗora sai ya faɗa. Wannan da kwanonsa yake zuwa. Wannan har ruwa yake aunawa. Wancan na ƙarshe kuma magana yake da waya."

"Wayar me za ta yi da shinkafa?"

"Za ta sani."

"In ta sani fa?"

Mai Tangaran ya gyara gilashinsa. "Sai ta ajiye."

Mai Wake ta dubi sikelin mai magana da waya ta gefen ido, ta ɗan matsa da jakarta nesa da shi. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta. "Ni ka faɗa min tsakani da Allah, wanne ne mai gaskiya a cikinsu?"

"Duk masu gaskiya ne, Mama."

"To in duk gaskiya ɗaya suke faɗa, me ya sa suka yi yawa haka?"

Nan ya buɗe bakinsa ya shiga bayani, na wayar ƙarfe mai lanƙwasa da ke cikin wannan, na ɗan ƙarfen da ke jin nauyi a cikin wancan, har ta ji kanta ya ɗaure tamau. A ƙarshe ta nuna mai allura. Ba don ta gane komai ba, sai don allurar ta yi mata kama da ta gaban mota, ta ce a ranta ko ba komai Direba zai yarda da shi.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, kicin ɗin ɗan tsukukku, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Ta kawar da gwangwanin gishiri da na shayi, ta kafa sikeli kusa da murhun gas. Tana ɗora faranti, tun ba ta zuba komai ba, allura ta yi tafiyarta. Ta sauke, allura ta dawo. Ta sake ɗorawa, ta sake tafiya. Ta leƙa cikin farantin, ba ko ƙwaya.

Ta kira Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aure a ɗaya gefen gari, ta ce mata an sayar mata da sikeli mai gani-gani.

"Umma, nauyin farantin ne fa," in ji Auta, ana jin ƙarar keken ɗinkinta ta cikin wayar. "Akwai wani ɗan abu a baya, ki murɗa shi har allurar ta dawo sifili, da farantin a kai."

"In na murɗa ai na yi masa ƙarya ke nan. Farantin yana nan."

"Baba ba zai ci farantin ba, Umma. Ki murɗa kawai."

Ta murɗa, ba don ta gamsu ba. Sannan ta riƙa zuba shinkafa kaɗan-kaɗan, ta duƙa har hancinta na neman taɓa gilashin, sai da allura ta tsaya cak a kan ɗari da hamsin. Ta ga kamar ta gota, ta tsince 'yan ƙwayoyi. Da ta tabbata awo ya yi, sai ta sauke farantin daga kan sikeli, ta ɗebo ludayi guda ta zuba a kai, ta kai wa Direba.

Wannan ludayin na ƙarshe shi ne gyara. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a wurin Mai Wake ya san shi. In ta cika mudu ta juye maka a leda, sai ta sa hannu ta ƙara maka a kai, kuma hannunta ba na rowa ba ne, har maƙwabtanta na rumfa suna ƙorafin tana ɓata musu kasuwa. Haka ta ga uwarta na yi, haka ta tashi tana yi. A wurinta gyara ba ya cikin awo. Awo haƙƙin mai saye ne, gyara kuwa mutunci ne tsakaninka da mutum, ba a lissafa shi, ba a ma tuna an yi shi. Da za ka tare ta a ƙofar kicin ka ce nawa ne a farantin nan, za ta rantse maka ɗari da hamsin ne, kuma har zuciyarta hakan ta sani. Haka ta yi da safe, haka ta yi da rana, haka ta yi da yamma, a kan taliya, a kan dankali, a kan komai.

Direba yana zaune a kujerarsa ta falo, ƙafar a naɗe da bandeji a kan ɗan tebur. Ya dubi farantin, ya dube ta. Ya cinye tas ya ce an gode.

Da suka koma asibiti aka ɗiga jininsa a na'ura, nas ta duba ta ɓata fuska. Sugan yana nan inda yake, ciwon ma yana nan inda yake.

"Mama, kuna aunawa kuwa?"

"Kullum, 'yar nan. Har ƙwaya nake tsincewa."

"Yana shan magani?"

"A hannuna yake sha."

"Shayi da suga? Lemon kwalba? Yana ci a waje?"

"Mutumin da ko matakala ba ya sauka sai da kafaɗata?"

Nas ta dubi Direba, Direba ya dubi silin. Ta ce to, a ci gaba, a ƙara kula. Mai Wake ta fito tana juya maganar. An ce ta auna, ta auna. An ce ya sha, ya sha. In ita ba ta yi kuskure ba, shi bai yi ba, wa ya rage? Tun kafin su kai gida ta gano mai laifi, ta naɗe shi a kwalinsa.

"Sikelinka maƙaryaci ne," ta ce wa Mai Tangaran tun daga bakin ƙofa.

Bai yi musu ba. Ya ɗauko ledar gishiri da ba a fasa ba, mai kilo ɗaya, ya ɗora. Allura ta tsaya a kilo ɗaya.

"Gishiri ne wannan," in ji ta. "Ni shinkafa nake aunawa."

"Mama, ai sikeli bai san gishiri daga shinkafa ba."

"To ka ji! Abin da bai san gishiri daga shinkafa ba shi ka ba ni in kula da marar lafiya?"

Mai Tangaran ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ya ce ƙila ta gefe take kallon allurar. Ya ce ƙila teburinta ya karkace. Ya ce gaskiya dai masu irin wannan lalura na gilashi suke ɗauka, mai rubuta lamba, don shi ba ya barin mutum cikin shakka. Ta karɓi na gilashin.

Shi kuwa wannan sabon sikeli, shakkar ma da shi ta fara. In ta ɗora faranti sai lamba ta yi ta rawa kamar tana shawara. In fanka na juyawa sai ya ƙara giram ya rage giram. In ta juya ɗauko ludayi ta ɗan jima, sai ta dawo ta tarar ya kashe kansa, ya manta da duk abin da suka yi tare. Wata rana gefen hannunta ya taɓa wani maɓalli, ta zuba shinkafa kamar kullum, ya rubuta mata biyar da ɗigo uku. Ta tsaya sororo. Jiya ɗari da hamsin, yau biyar, kuma tukunya ɗaya ce, shinkafa buhu ɗaya. Ta yi ta tunanin ko ƙari za ta yi ta yi har ya kai ɗari da hamsin ɗin, ta ga ko ta juye tukunyar gaba ɗaya ba za ta kai ba. Sai da Auta ta biyo bayan ta tashi daga ɗinki, ta ce ya koma wani irin awo ne na wata ƙasa, ta danna ya dawo, ta liƙe maɓallin da salatif.

"Me ya kai shi wata ƙasa yana kicin ɗina?"

"Umma, ki dai daina taɓa nan."

Ta daina. Ta koyi kashe fanka, ta koyi danna sifili, ta koyi yin sauri kafin ya yi barci. Awo ya riƙa fita daidai, ba ƙari ba ragi, sannan ta sauke ta zuba gyaranta.

Abin da ya fi ɗaure mata kai ma Direba ne. Mutumin da in ya shigo gida sai maƙwabta sun sani, mai tsokanar fasinja daga tasha zuwa tasha, yanzu sai ya wuni bai haɗa magana biyu ba. Ya zauna ya zuba wa taga ido, in bas ta wuce ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ba ya ƙorafi, ba ya tambayar me nas ta ce. Mai Wake ta ce a ranta yunwa ce, bawan Allah bai saba da ɗan wannan abinci ba. Tausayinsa ya kama ta, ludayin gyara ya riƙa fitowa a cike har yana zuba.

Daga baya kuma zargi ya shige ta. Ta ɗaga katifa, ta duba bayan kujera, ta shinshina kofinsa. Tsohon kwandastansa, dattijo mai furfura a gemu, ya zo gaishe shi, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce ya zazzage aljihunsa. Ya zazzage, yana kallon ta kamar ta sami taɓin hankali. Ba komai sai tsofaffin tikiti da ƙwayar ciwon kai. Ta ba shi haƙuri, kunya kamar ta nutse, amma ko da ya zauna ba ta bar falon ba.

A zuwa na gaba nas na duba na'ura sai ta kira likita. Ya duƙa ya daɗe yana duba yatsan. Mai Wake ta leƙa ta bayansa ta ga gefen ciwon ya fara duhu. Likita ya miƙe ya ce ba ya son abin da ya gani. Ya ce zai canza magani, amma in suka dawo sugan bai sauka ba, to sai dai a zauna a yi maganar aiki. Direba ya gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba shi. Ita kuwa tsoro ne ya cika ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga kuma haushin rashin sanin wanda za ta ji wa haushi.

Washegari ba ta buɗe rumfa ba. Ta dafa shinkafa, ta haɗa faranti kamar yadda take haɗa wa Direba, ta rufe da wani farantin, ta ɗaure a tsumma. Ta sa sikelin a jaka, ta nufi shagon Mai Tangaran. Yana ganin ta ya ajiye shayin da yake sha.

"Yau ba gishiri," ta ce. "Ga abincin da kansa. A gida ɗari da hamsin ne. Ka jero min su duka, in ga wanda zai faɗi gaskiya, shi zan ɗauka."

Ya jero su. Ya ɗauko kwano mara nauyi, ya mayar da kowane sikeli sifili, ya juye shinkafar a ciki. Mai allura ya ce ɗari biyu da sittin. Mai kwano ya ce haka. Mai awon ruwa ya ce haka. Mai magana da waya ya ce haka, ƙila ma ya gaya wa wayar.

"Sun haɗa baki," in ji Mai Wake.

"Kawo naki."

Ta fito da nata, ta kashe masa fankar shago da kanta, ta danna sifili, ta ɗora. Ɗari biyu da sittin. Ta sauke ta sake ɗorawa. Bai canza ba. Sikelin da ɗazu a kicin ɗinta ya rubuta ɗari da hamsin a kan idonta, shi ne a gaban baƙi ya juya mata baya.

"Shinkafa tana ƙaruwa a hanya ne?" ta tambaya, kuma da gaske take.

Mai Tangaran ma kansa ya kulle. Ya ce ko tururi ne ya koma ruwa. Ya ce ko a bas ta girgiza ta kumbura. Ya ce ko hawa na biyu da ƙasa ba nauyi ɗaya ba ne, sai kuma ya ji abin da ya faɗa ya sosa ƙeya. Wata mata da ta shigo sayen wuƙa ta ce ita kam ta taɓa jin batir in ya kusa ƙarewa yana ƙara wa abu nauyi. Suka tsaya su uku suna kallon kwanon shinkafa.

"Mama," ya ce can, "yi min yadda kike yi a gida. Ki ɗauka nan ne kicin ɗinki. Ga faranti, ga ludayi, sabo ne, zan wanke."

Ta ajiye jaka, ta gyara mayafi. Ta ɗora faranti ta danna sifili. Ta riƙa ɗibar shinkafa daga kwanon tana zubawa, lamba na hawa, har ta kai ɗari da hamsin da biyu. Ta tsince 'yan ƙwayoyi, ta dawo ɗari da hamsin cif.

"Ka gani ko?" Ta sauke farantin, ta ɗebo ludayi a cike ta zuba a kai, ta tura masa. "Shi ke nan abin da nake yi."

Mai Tangaran ya dubi farantin, ya dubi mai sayen wuƙa. "Mama, wannan fa?"

"Wanne?"

"Wanda kika ƙara yanzu."

"Ban ƙara komai ba."

"Ludayin nan. Bayan kin sauke."

Ta dubi ludayin da ke hannunta kamar wani ne ya danƙa mata shi. "Wannan ai gyara ne."

"To ai shi ma shinkafa ne."

"Gyara ba ya shiga awo, ɗan nan. Ka tambayi duk mai sayar da hatsi."

"A kasuwa ba ya shiga, Mama. A cikin maigidanki fa?"

Ya ɗauki farantin a hankali ya mayar kan sikeli. Lamba ta haura, ta wuce ɗari biyu, ta tsaya. Mai Wake ta nemi wurin zama, mai sayen wuƙa ta turo mata wani kwali. Ta zauna tana lissafin safiya da rana da yamma, tana tuna duhun nan na gefen yatsa. Ta zagi sikelin mutane, ta caje aljihun dattijo, ta ɗaga katifa, ashe ɓarawon yana maƙale a hannunta na dama. Mai Tangaran, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya tafi ya wanke ludayinsa ya daɗe yana gogewa.

"Wanne za ki ɗauka?" ya tambaya daga baya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ni nawa," ta ce.

Da yamma ta dafa wata shinkafar. Ta auna ɗari da hamsin, ta sauke farantin. Kafin ta ankara hannunta ya riga ya cika ludayi, yana sama. Ta tsaya da shi a haka, tana jin kamar za ta yi wa mutum rashin mutunci a cikin gidansa. A rayuwarta ko wanda ya zage ta a kasuwa ba ta taɓa sallamarsa da awo tsura ba, balle uban 'ya'yanta. Da ƙyar ta mayar da shinkafar cikin tukunya. Ta zuba ganye a kwano, ta ɗauka ta fita.

Ta ajiye a gabansa. Shinkafar ta taru a tsakiyar faranti 'yar mitsitsiya. Direba ya daɗe yana kallon ta.

"Mai Wake, me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba, Malam."

"To ina sauran?"

"Sauran me?"

"Ludayin nan da kike ƙarawa."

Ta dafa hannun kujera. "Ka san ina ƙarawa?"

"Daga nan ina hango ki ta ƙofar kicin. Ki auna, ki sauke, ki ƙara."

"Ka gani ka yi shiru? Ina yawo da sikeli a jaka kamar mahaukaciya, na tozarta kwandastanka a bakin ƙofa, kana zaune kana kallona?"

"Na ɗauka da gangan kike yi."

"Da gangan in kashe maka ƙafa?"

Ya gyara zaman bandejin da hannu, bai dube ta ba. "Ranar farko ina can ana wanke min ciwo, ke suka kira ciki. Ban ji abin da suka gaya miki ba. Sai na ga kin sayo sikeli, kina aunawa, sannan kina ƙarawa. Ke da ko wake ɗaya ba ya ɓace miki a mudu. Na ce to, an gaya mata ƙafar ta riga ta tafi, an ce a bar shi ya ci ya ƙoshi, sikelin na kwantar min da hankali ne. Na ce tunda ta ɓoye min don kar in damu, ni ma ba zan tona mata ba." Ya ɗan yi murmushi. "Da kika canza sikeli dai na ɗan rikice."

Mai Wake ta zauna a ƙasa kusa da ɗan teburin da ƙafar take kai. Hawaye ya zo mata, ba ta share ba. "Ba wanda ya ce min haka, Malam. Wallahi ba wanda ya ce. Gyara ne kawai. Ni ban ma san ina yi ba, sai yau a shagon mutane."

"Gyara," ya maimaita.

"Gyara."

"Ke nan ba su gama magana ba?"

"Cewa suka yi in sugan ya sauka."

"Kuma bai sauka ba ne don..." Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta taya shi ba. Ya dubi yatsan da ke cikin bandeji, kallon da ya daɗe bai yi masa ba. "Miƙo min wayata."

Ta miƙa masa. Ya laluba lamba, ya kara a kunne, ya yi gyaran murya. Da ta ji gaisuwar ta gane mai bas ɗin ne.

"Ranka ya daɗe, maganar nan da na yi maka, cewa ka nemi wani ka ba shi motar gaba ɗaya. Eh. Ka ɗan dakata. A'a, ban warke ba. Ban sani ba tukuna. Ka dai dakata min."

Ya ajiye wayar. Ita sai yanzu ta ji ya taɓa yin wannan maganar. Ya ja farantin ya fara ci, a hankali, yana tauna kowace loma. Duk da haka bai daɗe ba ya ga ƙasan faranti. Ya kankare 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a gefe, ya ɗago ya dube ta.

"Akwai ƙari?"

Tukunya na can a kan murhu, ko rabi ba a ci ba, daga inda yake zaune ma yana hango ta. Mai Wake ta damƙe hannunta na dama da na hagu a kan cinyarta.

"Babu," ta ce.

Direba ya gyaɗa kai, ya jawo kwanon ganye gabansa.